Kyamara a Bakin Ramin Kusa: Nazarin Awon Haɗin Jikin Jirgin Sama

Kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 ba ƙarfe ba ne. Zaren kabon ne da aka shimfiɗa falle kan falle, aka daskarar da shi da ƙaro mai tauri. Ya fi alminiyam sauƙin nauyi, ba ya tsatsa, amma lagonsa ɗaya ne: huda. Duk inda za a ɗaure ɓangare biyu da kusa da noti sai an huda, huda kuwa yanke zare ce. Tun 1898 Ernst Kirsch na Jamus ya nuna cewa idan aka ja faffaɗan farantin ƙarfe mai ƙaramin rami, matsin da ke bakin ramin yakan ninka na sauran wurare sau uku. Ƙarfe yakan ɗan lanƙwasa ya raba nauyin. Zaren kabon bai san wannan haƙuri ba, sai dai ya tsinke.

A da, abin dogaron injiniyoyi shi ne ɗan ma'aunin da Edward Simmons da Arthur Ruge suka ƙirƙiro a Amurka a 1938, siririyar waya da ake liƙawa a jikin abu, tana miƙewa tare da shi. Amintacce ne, amma labarin inda aka manna shi kaɗai yake bayarwa, alhali a bakin rami matsi yakan sauya cikin milimita ɗaya.

Sai a farkon shekarun 1980 masana a Jami'ar South Carolina, irin su Peters da Ranson da Michael Sutton, suka kawo dabarar gwada hoto da hoto. Ana shafa wa farantin gwaji farin fenti, a fesa masa ɗige-ɗigen baƙi barkatai, a kafa kyamara biyu. Inji na jan farantin, kyamarori na ɗauka, kwamfuta na bin kowane gungun ɗigo tana lissafin inda ya gusa. Daga ƙarshe sai taswira mai launuka ta fito: ja inda aka fi talewa, shuɗi inda ake lafiya.

Amfaninta ba ya musantuwa. Haɗin kusa da noti yakan lalace ta hanyoyi daban: ko ya tsinke a gicciye ta tsakiyar rami, ko kusa ta fizge guntun da ke gabanta ta fice ta baki, ko ta yi ta murƙushe gefen ramin a hankali. Masu zane sun fi son na ƙarshen, don yana ba da gargaɗi kafin a rabu. Shi ya sa ƙa'idar gwaji ta ASTM D5961 ta sa faɗin farantin ya ninka ramin sau 6, nisansa da baki sau 3. Taswirar tana nuna wacce hanya ɓarna ta nufa tun kafin ido ya ga tsaga.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Wurin da ɓarna ke farawa shi ne ainihin wurin da kan kusa da wosha suka rufe. Kyamara kuma fallen waje kawai take gani. Rabuwar falle da falle a can ciki take faruwa, sama na nan sumul. Wasu masu bincike sukan cire woshar ko su sa sandar ƙarfe marar kai don ramin ya fito fili. A ganina wannan yaudarar kai ce in ba a faɗa ba, domin matsewar noti ita ce ke hana fallayen buɗewa, tana ƙara wa haɗin ƙarfi sosai. Wanda ya cire ta, wani haɗi dabam yake aunawa. Ga kuma fenti: da zarar tsaga ta ɓullo yakan ɓare, kwamfuta ta rasa ɗigonta, taswira ta bar gurbi daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Hatta girman gungun da aka zaɓa yana iya rage jan launi ko ƙara shi, mai karatu bai sani ba.

An ce gani ya kori ji, amma a wannan ɗakin gwaji ji bai koru ba. Ƙwararru sukan manna na'urar da ke sauraron ƙarar tsinkewar zare, sannan su leƙa cikin farantin da sautin duban ciki ko hoton ekisire mai yanka-yanka. Rahoton da ya kawo taswirar launuka kaɗai, ba girman gungu, ba ƙarfin ɗaurin noti, ba shaidar abin da ke ciki, bai isa a gina fiffike a kansa ba.