Gidan da John Bowlby ya tashi, da gidajenmu

Ɗalibin da ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a ko a kwalejin horar da malamai da wuya ya kammala bai gamu da John Bowlby ba, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila da ya kafa ka'idar shaƙuwa. Taƙaitaccen bayaninta shi ne jariri na buƙatar mutum guda da zai jingina da shi a shekarunsa na farko, galibi uwarsa, kuma idan aka raba su na tsawon lokaci tabon yana iya bin yaron har girmansa. Ana koyar da ita kamar daga sama ta faɗo. Ba a cika gaya wa ɗalibi daga wane irin gida ta fito ba, alhali a nan ne rabin fahimtarta yake.

An haifi Bowlby a Landan a 1907, na huɗu cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsa babban likitan tiyata ne da ke duba iyalan gidan sarautar Ingila. A gidajen masu hali na wancan zamani uwa ba ta renon ɗanta, ana ɗaukar mai reno a biya ta, yara kuma su ga uwarsu na kimanin awa ɗaya da yamma. Mai renon da Bowlby ya fi shaƙuwa da ita ta bar gidan yana dab da cika shekara huɗu, daga baya kuma aka kai shi makarantar kwana. Wanda ya tashi haka, ba abin mamaki ba ne rabuwa ta zama tambayar da ya ƙare rayuwarsa a kanta.

Zamaninsa ma ya ƙara masa dalili. A 1939, da aka fara kwashe yara daga Landan zuwa ƙauyuka saboda tsoron ruwan bama-bamai, shi da wasu likitoci biyu sun yi gargaɗi a mujallar likitocin Birtaniya kan raba 'yan ƙasa da shekara biyar da iyayensu mata. A 1944 ya wallafa nazarinsa kan yara 44 da aka kama da sata: 14 daga cikinsu ba sa nuna ƙauna ko nadama, kuma 12 cikin waɗannan 14 sun daɗe a rabe da iyayensu mata tun suna ƙanana. A 1951 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga rahotonsa kan yaran da suka rasa gidajensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Aikin ya yi amfani na gaske, domin ya taimaka wajen sa asibitocin Ingila su daina hana uwa zama kusa da ɗanta marar lafiya. Wannan alheri ne da ba za a ƙwace masa ba.

Amma a duba gidan da yake hange yayin da yake rubutu: miji, mata, 'ya'yansu, ƙofa a rufe. A irin wannan gida idan uwa ta kauce, yaro ya faɗa rami, domin babu kowa a bayanta. Margaret Mead, masaniyar al'adun al'umma 'yar Amurka, ta yi masa wannan gyaran tun a shekarun 1950, cewa a wurare da yawa hannuwa da dama ne ke renon yaro guda.

Yanzu a miƙa littafin ga Bahaushiya ɗaliba wadda ita ce 'yar fari a ɗakinsu. Uwarta ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, saboda kunyar ɗan fari. Da aka yaye ta, gidan kaka aka kai ta, wataƙila ma can ta zauna har aurenta. Idan ta ɗauki ka'idar yadda aka rubuta ta, sai ta yanke wa mahaifiyarta hukuncin sakaci, ta kuma ɗauki kanta mai rauni. Alhali ta san wa ya goya ta, wa ya tashi da ita da dare lokacin da zazzaɓi ya kama ta. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'ya ta aurar, kuma babu wanda ya ce mata ba uwa ba ce.

Bincike ma ya tabbatar da abin da kakanninmu suka sani. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, ciki har da Robert LeVine, sun wallafa nazari kan jariran Hausawa. Sun tarar jariri yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a gida, sai dai akwai guda da ya fi nufa idan ya tsorata, kuma wannan gudan shi ne wanda ya fi ɗaukarsa, ko da ba uwar ba ce. Sakamakon ya rushe hoton gidan da Bowlby ya zana, ya kuma ƙarfafa ƙashin bayan maganarsa.

Wannan rabin na biyu shi ne muke yawan tsallakewa, domin mu ma asalinmu yana rufe mana ido kamar yadda nasa ya rufe masa. Sau da yawa za ka ji mai ilimi ya kaɗa hannu ya ce ai wannan zancen Turawa ne, mu a nan ɗa na kowa ne. Gaskiya ne riƙo yana aiki idan kaka ko gwaggo ta karɓi yaro da zuciya ɗaya. Amma ina batun yaron da aka saki uwarsa yana ɗan shekara uku, aka bar shi hannun kishiyarta? Ina agolan da ake ciyarwa ba a kallon fuskarsa? Waɗannan suna cikin gida mai cike da mutane, kuma babu ko ɗaya da za su ruga wurinsa. Yawan jama'ar gida bai ba su abin da jariran nazarin Marvin suka samu ba.

Mafi zafi shi ne almajirin da aka ɗauko daga ƙauye yana ɗan shida ko bakwai aka ajiye a Kano ko Zariya. Iyayensa sun yi haka ne da niyyar ya samu Alƙur'ani, kuma da yawansu su ma haka aka yi musu, shi ya sa ba sa ganin rabuwar a matsayin ciwo. Malamin da ke da almajirai masu yawa a zaure ɗaya, komai tausayinsa, ba zai iya zama wa kowannensu wannan mutum guda ba. Yaron kan samu uwar ɗaki da yake yi wa wanke-wanke tana ba shi tuwo, wani lokaci ta riƙe shi kamar nata, wani lokaci kuma ta sauya shi da wani kafin shekara ta zagayo.