Ɗan Maraya Jos da Kuntiginsa: Nazari a Kan Yabon Talaka a Waƙar Baka

1.0 Gabatarwa

An saba, duk lokacin da aka zo maganar Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos a makarantu, a ce shi mawaƙin faɗakarwa ne, sa'an nan a shiga jera jigoginsa, wato zaman aure da neman na kai da halin ɗan Adam. Wannan magana gaskiya ce, amma ta gaza, domin da wuya a sami mawaƙin Hausa wanda bai taɓa yin gargaɗi ba, kuma abin da kowa ke yi ba ya isa ya bayyana dalilin da ya sa mutum ɗaya ya yi fice. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa abin da ya fid da Ɗan Maraya daban shi ne ɗaukar yabo da ya yi daga ƙofar fada ya kai shi tashar mota, da kuma cewa garin da ya tashi da abin kiɗan da ya riƙa su ne suka ba shi damar yin haka. Daga ƙarshe za a duba wuraren da waƙarsa ta yi rauni.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Adamu Wayya a shekarar 1946 a garin Bukur, kusa da Jos. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar sarkin garin, ya kuwa rasu ba da daɗewa ba bayan haihuwar Adamu, mahaifiyarsa ma ta bi shi tun yaron yana jariri. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe, kuma daga wannan maraici laƙabinsa ya samo asali. Tun yana ƙarami ya yi tafiya zuwa Maiduguri, inda kiɗan da ya gani ya burge shi, har ya haɗa kuntigi na kansa, bai kuma sake rabuwa da shi ba har ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, ɗan makaɗin fada ne, ya kuma tashi a gidan sarauta, saboda haka ya san yadda ake yabo tun daga tushe. Amma rasuwar mahaifinsa ta sa bai gaji ƙungiya ba, bai kuma gaji ubangida ba. Na biyu, Jos da Bukur garuruwan kuza ne, waɗanda suka bunƙasa a zamanin Turawa da taruwar 'yan ƙwadago daga sassa dabam-dabam na Nijeriya. Bahaushen da ke zaune a irin wannan wuri baƙo ne cikin baƙi, ba a tambayarsa ɗan wane ne shi kamar yadda ake yi a Katsina ko Sakkwato, abin da ake tambaya shi ne sana'arsa. Masu sauraron Ɗan Maraya na farko ke nan: direbobi da lebura da masu sayar da abinci da 'yan kamasho.

3.0 Kuntigi da Zubin Waƙa

Kuntigi ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya. Ana yin cikinsa da ɗan ƙoƙo ko da gwangwanin kifi, a rufe da fatar akuya, a sa masa sanda. Idan aka kwatanta shi da kotson Narambaɗa ko kalangun Shata, za a ga bambancin ya wuce na sauti. Makaɗin kotso ko na kalangu jagoran ƙungiya ne, yana da makaɗa da 'yan amshi, wani lokaci har da sanƙira, dukansu kuwa a wuyansa suke ci. Ƙungiya irin wannan ba ta rayuwa sai da ubangida mai hannu da shuni. Mai kuntigi kuwa shi kaɗai ne, kayan aikinsa duka suna shiga aljihun riga, don haka yana iya yi wa wanda ba shi da ko anini waƙa ba tare da wani ya kwana da yunwa ba. Rediyo da faifan garmaho, daga baya kuma kaset, sun ƙara masa wannan 'yanci, tun da sun kai muryarsa ga jama'ar da ba ta taɓa ganinsa ba. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya zo daidai da tashensa.

Rashin 'yan amshi ya shafi zubin waƙar kanta. A waƙar ƙungiya, jagora yana yin ɗa, 'yan amshi su karɓa su koma ga gindin waƙa, shi kuma ya sami numfashi ya shirya ɗa na gaba. Ɗiyan waƙar ba lalle ne su bi juna a jere ba, gindin ne ke ɗaure su. Ɗan Maraya ba shi da mai karɓa masa sai kuntigi. Idan ya tsaya, tsirkiya ce ke maimaita karin waƙar da sauri. Idan ya ɗora magana, sai kiɗan ya riƙa bin hawa da saukar muryarsa. Da yake babu amshin da zai riƙe mai sauraro, dole maganar kanta ta riƙe shi, wato ta zama tana tafiya daga wani abu zuwa wani. Wannan ne ya tura shi ga ba da labari, da sa mutane su yi zance a cikin waƙa, har murya ɗaya ta ɗauki bakin mutum biyu ko uku.

4.0 Yabon Karen Mota

"Waƙar Karen Mota" tana cikin waƙoƙinsa na farko, kuma ita ce ta fi fito da sunansa. Karen mota shi ne yaron da ke bin direba, yana loda kaya, yana kiran fasinja, yana canza taya, yana tura mota in ta mutu a daji. Sunan kansa na raini ne. A al'adar roƙo, yabo ciniki ne: makaɗi ya ambaci asalin mutum da nasabarsa da kyautarsa, shi kuma wanda aka yaba ya biya da riga ko doki ko kuɗi, kamar yadda ake cewa yaba kyauta tukuici. Karen mota ba shi da nasabar da za a jera, ba shi da dokin da zai bayar. Da Ɗan Maraya ya zaɓe shi, sai ya zama dole ya nemi wani abin yabo, abin da ya samu kuwa shi ne aikin da juriyar mai yinsa.

Ana iya cewa makaɗan sana'a sun riga shi, tun da akwai makaɗan noma da na mahauta da na 'yan dambe irin Ɗan Anace. Amma waɗannan sana'o'i ne na gado, masu sarautu da kirari nasu, kuma gwanin cikinsu ake yaba wa, wato sarkin noma ko zakaran dambe. Bin mota sabuwar sana'a ce wadda zamani ya kawo, wanda aka yi wa waƙar kuwa shi ne na can ƙasan tsaninta. A nan ne sabon abu yake. Irin wannan kallo ne ya bi shi zuwa waƙoƙin da ya yi wa sojojin tarayya a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, waɗanda ya cika da bayanin fagen fama.

5.0 Inda Ya Yi Ƙarfi da Inda Ya Yi Rauni

Waƙoƙinsa na aure sun isa su nuna bambancin. "Gulma-Wuya" labari ce ta wata magulmaciya wadda ke haɗa baki da boka tana raba mata da mazansu. Mawaƙin ya bar ta ta yi aikinta a gaban mai sauraro, har ya gane ta, domin kowace unguwa tana da irinta. Hukunci yana fitowa daga labarin, ba sai an faɗa ba. "Jawabin Aure" kuwa, kamar yadda sunanta ya nuna, jawabi ce: tana lissafa illolin saki, tana jan hankalin ma'aurata su sasanta. Shawarar mai kyau ce, amma malami a kan buzu zai iya ba da ita, kuma da aka raba ta da kuntigi aka sa a takarda, kaɗan ne ke saura na fasaha. Abin mamaki shi ne irin wannan waƙa ta biyu ce aka fi kafa hujja da ita wajen yabonsa, alhali ta farkon ce ba kowa ke iya yi ba.

Haka kuma bai kamata a ɗora masa rigar da bai sa ba. Ya tausaya wa talaka, a "Auren Dole" ma ya tsaya wa yarinyar da iyaye suka zaɓar wa miji ba da sonta ba. Duk da haka, a wurinsa tushen ɓarna halin mutum ne, maganinta kuwa haƙuri da gyaran hali. Bai tuhumi tsarin mulki ba yadda mawaƙan NEPU irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suka yi a rubutattun waƙoƙinsu, kuma ya yi wa manya waƙa kamar kowane makaɗi. Ya ɗaga darajar karen mota, amma bai tambayi dalilin da ya sa ladansa bai kai wahalarsa ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa maraici ya raba Ɗan Maraya da ƙungiyar gado, kuntigi ya sauƙaƙa masa nauyin ubangida, garin kuza kuma ya ba shi jama'ar da ake auna ta da aikinta. Daga haɗuwar waɗannan ne yabon talaka da salon labari suka fito. Saboda haka nazarin da ya tsaya ga ƙidayar jigogi daga rubutaccen matani ya bar rabin aikin. Ya kamata ɗalibin da zai juyi waƙoƙinsa ya riƙa nuna inda murya ta tsaya kuntigi ya karɓa, da inda mawaƙin ya bar bakinsa ya ari na wani, domin a waɗannan gaɓoɓi ne za a iya auna gwanintarsa.