"Sai Haƙuri" Kaɗai Likitan Fim Ya Iya?

Mai karatu, ka san fitowar. Yaro na kwance da ledar ruwa a hannu, likita ya fito ya zare tabarau, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, sai haƙuri." Uwa ta yanke jiki ta faɗi, a sako kiɗan tausayi. Shi ke nan an wuce wurin.

Kwanan baya ina kallon irin wannan fim a gidanmu da ke Minanata tare da gwaggona, wadda ta daɗe tana aikin nas a ɗakin kulawa ta musamman. Tsaki ta ja ta ce, "Ɗana, inda suka yanke nan aikinmu ke farawa."

Gaskiyarta. Idan likitoci suka tabbatar cuta ta fi ƙarfin magani, jinya ba ta ƙare ba. Nas ce ke ba yaro maganin raɗaɗi irin su mofin a kan lokaci, ta riƙa juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ta jiƙa masa leɓe, ta ba uwa dama ta rungume shi, uba ya yi masa addu'a. Ita ke fassara wa iyaye maganar likita da Hausar da za su gane. Wannan fanni ne mai zaman kansa: tun 1982 aka buɗe Helen House a Oxford ta Ingila don irin waɗannan yara, kuma a 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su sa shi cikin tsarin lafiyarsu.

Dubi My Sister's Keeper na 2009. Yarinya mai sankarar jini ta roƙi a kai ta bakin teku, uba ya yarda, uwa ta ƙi don gani take an sallama. Wannan rigimar ita ce labarin. Mu kuwa nas ɗin fim ɗinmu ko dai masifaffiya ce, ko mai riƙe wa likita fayil.

Illar ita ce mai kallo ya ɗauka da an ce babu magani sai a kwashi yaro a koma gida ya yi ta kukan ciwo. Marubutanmu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan cikin garin Sakkwato. Ku je ku tambayi masu aikin dare kafin ku kunna kyamara.