Ci da Ido ko Ci da Baki? Sharhi a kan Sababbin Gidajen Abinci na Nasarawa

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe bai bi ta unguwar Nasarawa a Kano ba, in ya biyo yanzu da almuru sai ya yi tsammanin ɓatan kai ya yi. Unguwar nan ita ce Turawa suka keɓe wa kansu bayan sun ci Kano a 1903, kuma a nan ne Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a 1909. A da gidaje ne masu faɗin fili da inuwar itatuwa, ba ka jin komai sai kukan tsuntsaye. Yanzu kuwa, daga titin Audu Baƙo zuwa Lamido Crescent da titin Sultan, gidaje da yawa sun rikiɗe sun zama wuraren cin abinci da shan kofi. Da yake gani ya kori ji, na zaga wasu daga cikinsu, kuma zan auna su da irin ma'aunin da malamanmu suka koya mana, watau zubi da tsari, da jigo, da sarrafa harshe.

Zubi da Tsari

Yabon gwani ya zama dole. Yawancin wuraren nan suna da tsabta, ga wurin wanke hannu, ga wurin salla a wasunsu, ba ƙuda ba ƙura. Babban abin yabo kuma shi ne magidanci yana iya ɗauko iyalinsa su zauna cikin mutunci, 'yan mata ɗalibai ma su haɗa kuɗi su zo ba mai tsangwamarsu. Teburin mai shayi da tukubar mai tsire ba su taɓa ba mace wannan dama ba, domin majalisar maza ce. Har ila yau samari da yawa sun sami abin yi, daga masu girki har masu kai saƙo a babur.

Amma fa tsarin yana da aibi. An ƙawata bango da fitilu fiye da yadda aka kula da tukunya, domin an san mai zuwa zai ɗauki hoto ya sa a Instagram kafin ya kai loma. Kuɗin janareta da na'urar sanyaya ɗaki kuwa, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, duk a kan faranti ake ɗora su. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 Naira 70,000 ne. Mai wannan albashi, in ya kawo mata da 'ya'ya sau ɗaya, sai cefanen mako ya girgiza. Ashe ke nan ƙofar a buɗe take, amma ba ga kowa ba.

Jigo

Jigon gidan abinci shi ne abincin. In mai karatu ya duba takardar jerin abinci a gida biyar, zai ga kusan abu ɗaya ake ta maimaitawa: shawarma, da fiza, da boga, da soyayyar shinkafa da kaza, da askirim. Ban ƙi ko ɗaya ba. Shawarma ma ba baƙuwa ce sosai ba a garin da Kwarori suka zauna tun farkon ƙarni na 20. Asalinta nama ne da ake jerawa a tsinken ƙarfe a tsaye yana juyawa gaban wuta, ana yankar wanda ya gasu. A wurare da dama kuwa abin da na tarar kabeji ne da farin maiƙo mai zaƙi, naman sai an yi cigiya.

Namu fa? Nan ne gizo ke saƙa. A wani gida na nemi masa da miyar taushe, aka kawo mini wadda aka toya tun safe aka ɗumama, ta bushe kamar faifai. Duk wanda ya san masa ya san daga tanda sai baki. Haka gurasa, darajarta ta fito daga tanderu da ɗuminta, a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa. Matan Jakara sun gaji wannan sana'a kaka da kakanni, amma ban ga an ɗauke su aiki ko an ambaci sunan unguwarsu ba. Inda aka dace shi ne fura da kunun aya da zoɓo, waɗanda sanyi da tsabta suka ƙara musu armashi.

Maganar ta wuce daɗin baki. Fiza da boga duk fulawa ce, kuma yawancin alkamar fulawa daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Gero da dawa da wake kuwa ga su nan jibge a kasuwar Dawanau. Shi kansa Audu Baƙo da titin ke ɗauke da sunansa, a zamaninsa aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ke shayar da gonakin Kadawa. Kowane faranti na ɗanwake ko dambu da aka sayar, manominmu ne ya samu.

Sarrafa Harshe

Wannan ne ya fi shafar ƙungiyarmu. Da ƙyar ka ga allo ko takardar abinci da aka rubuta da Hausa. Wata rana wani saurayi mai kawo abinci ya dinga yi mini Turanci, ni ma ina mayar masa, kowa yana gumi. Da ya juya sai na ji ya ƙwala wa mai girki kira, "A ƙara wa mutumin can yaji!" Na ce masa, "Ɗan'uwa, ashe ɗan gida ne?" Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, haka aka ce mu riƙa yi."

Alhali kuwa Bahaushe bai taɓa ƙyamar baƙon abinci ba. Gurasa da alkaki da alkubus daga Larabawa muka samo su, burodi daga Turawa, amma duk mun raɗa musu suna daidai da bakinmu, suka zama 'yan gida. Abin da ake yi yanzu akasin haka ne. Ɗan gida ake sa wa rigar aro, a kira zoɓo da sunan Turanci domin a ninka kuɗinsa, tsohuwar da aka kawo ta ci abinci kuma ta kasa gane abin da ta raini 'ya'yanta da shi.

Kammalawa

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shawarata ga masu wuraren nan uku ce. Su rubuta jerin abincinsu da Hausa tare da Turanci. Su ɗauko gwanayen tanda da tanderu daga cikin gari, su biya su hakkinsu. Su kuma tanadi faranti mai sauƙin kuɗi domin ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci. Mu kuma 'yan ƙungiya, aikinmu ne mu zauna mu tsara sunayen abincin nan da ingantacciyar Hausa, mu miƙa musu kyauta. In mun shiga kuwa, mu yi sallama mu nemi abinci da harshenmu, domin mai kasuwa abin da mai saye ke so shi yake kasawa.