Masu ɗanɗana abinci a gaban kyamara: in komai da daɗi, me muka ƙaru?

A farkon 2024 Pelumi Nubi ta tuƙo ƙaramar mota ƙirar Peugeot 107 ita kaɗai daga Landan har Legas, tana kwana a cikinta, duniya na kallo ta waya. Kafin ita, Kunle Adeyanju ya yi irin wannan tafiya a kan babur a 2022. A Amurka da Turai abin ya daɗe: mota ce mai gado da wurin girki, mutum ya bi bakin teku gari-gari, ya yada zango inda ya ga dama, ya ci kifin garin ya wuce.

Mu a Kaduna ba mu da teku, sai kogin da ya raba garin biyu. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ba kowa ke cika tanki don yawon buɗe ido ba. Kwana cikin mota a gefen hanyar Birnin Gwari kuwa, ba sai na yi bayani ba. Shi ya sa daga wannan yayi, abin da ya iso mana shi ne cin abincin kawai: saurayi ko budurwa da waya, a bi Unguwar Rimi da Malali da Kawo, a ci, a ɗauka, a ɗora a TikTok da Instagram.

Ban ƙi abin ba. Baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa a Rigasa da daddare yana bukatar wanda zai ce masa ga inda zai ci tuwo ya kwana lafiya, kuma mai abincin da ba ta da kuɗin talla tana iya samun sababbin masu saye daga bidiyon minti ɗaya. Damuwata ita ce, kusan duk bidiyon iri ɗaya ne. A kai loma baki, a lumshe ido, a girgiza kai, a ce "wallahi ku zo ku gwada." Shawarma da daɗi, balangu da daɗi, shinkafar da ta kwana aka ɗumama ita ma da daɗi. To, in ba a taɓa cewa wani abu bai yi ba, yabon ba shi da daraja. Kuma kowa ya san wasu masu gidajen abincin ne ke gayyata, su ciyar kyauta, wani lokaci har da na mai. Talla ba haramun ba ce, amma a faɗa mana talla ce.

Sannan akwai zaɓen wuri. Kyamara tana son fitila mai launi da kujerun zamani, shi ya sa take yawan ƙarewa a wuraren da ke kan titin Isa Kaita da makamantansu. Abincin garin nan da yawansa ba a can yake ba, kuma yana da lokacinsa. Je ka lungunan Tudun Wada bayan sallar asuba ka ga mai waina a gaban tanda: ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, ta jira gefen ya yi ja kafin ta juya da cokali, hannu ɗaya na gyara itace. Tun daren jiya aikin ya fara, daga jiƙa shinkafa zuwa niƙa da barin ƙullun ya tashi. Wainar da ƙullunta bai tashi ba nauyi take yi, wadda ƙullunta ya wuce kima kuma tsami ke kashe ta. Wannan shi ne abin da mai ɗanɗano ya kamata ya iya bambancewa ya gaya mana. Kafin hantsi mai wainar ta kwashe kayanta, lokacin mai bidiyo bai ma tashi barci ba.

Haka wajen mai tsire. Tambayoyin suna da yawa ga wanda ya damu: naman na yau ne? Ƙuliƙulin da ke cikin yajin sabo ne ko ya fara wari? An bar shi ya gasu a gefen wuta a hankali, ko an babbake bayan an bar cikin ɗanye? Nawa ne tsinke? Ko farashin ma sau da yawa ba a faɗa, alhali shi ne abu na farko da mai kallo ke son ji a wannan zamani.

In ana neman waɗanda suka san cin abincin hanya da gaske, ai muna da su tun tuni. Direbobin manyan motoci da ke tsayawa a Mararrabar Jos da Tafa sun yi shekaru suna kwana a mota, suna bin hanyar Legas zuwa Kano. Direba zai gaya maka wace mai tuwo ce miyarta ba ta canzawa, wane mai shayi ne ke cika ruwa a madara, ba tare da ya lumshe ido ba. Mai abincin da ta ɓata masa ciki sau ɗaya ta rasa shi da abokan tafiyarsa. Ban ga laifi ba in mai waya ya zauna kan benci kusa da su ya yi tambaya kafin ya kunna kyamara.

Abu ɗaya kuma da ba na yi masa uzuri: ɗaukar fuskar mace mai sana'a a ƙofar gidanta, ko yarinya mai tallar awara, ba tare da an nemi izini ba. Wata matar aure ce, wata ba ta ma san inda hotonta zai kai ba. A tambaya tukuna, in ta ce a'a a ɗauki kaskon kawai.

Ƙannena masu wannan harka, ku biya kuɗin abincinku da kanku, ku faɗi farashi da unguwa da lokacin da ake samu, in gishiri ya yi yawa ku ce ya yi yawa. Ranar Talata kuma ku leƙa kasuwar Kawo da yunwarku.