Katin Biki Ko Takardar Bashi?

'Yan uwana mata, ƙorafin uwar amarya kullum ɗaya ne: an raba kati tun wata guda, shiru kake ji, sai ana gobe kamu waya ta fara ruri. Wai mutane ba su da kirki. Ni kam ban yarda ba.

A da goro ko alewa ake aiko miki, ki sa albarka, ranar yini ki ɗauki 'yar gudummawarki ki tafi. Kowa ya zo ya ci, ba mai ƙirga kai. Yanzu kuwa zauren biki ake kamawa, kujera da lissafi, faranti da lissafi, shi ya sa aka manna mana haruffan Faransancin nan, RSVP, a gindin kati, wai a ba da amsa.

To amsar me? Katin ba shi kaɗai ya zo ba. Bayansa akwai anko, na kamu daban, na dina daban, ga kuɗin tela, ga liƙi. Mace tana jiran ƙarshen wata, tana jiran izinin maigida, shi kuwa sai ya ga dama. Ta ce za ta zo, ta ɗauko wa kanta bashi. Ta ce ba za ta zo ba, ta yanke zumunci, kuma wallahi sai an rama ranar bikin 'yarta. Bahaushiya ba ta iya cewa a'a ƙiri-ƙiri, sai dai "Allah ya kai mu."

Ke da kika fitar da ankon leshi, kin san sarai akwai wadda ba za ta iya ba a dangi. Ita ce kuma kike bi da waya kina cewa ta raina ki.