Hammerfell Muke Jira: Hamadar da Nake Fatan Gani a The Elder Scrolls VI

Sakan 36 kacal suka ba mu. Ranar 10 ga Yunin 2018, a taron E3 na birnin Los Angeles, kamfanin Bethesda ya haska wani ɗan somin-taɓi: kyamara na keta hazo, sai ga busassun duwatsu, ga kwari, ga gaɓar teku can nesa, kiɗan nan da duk ɗan Skyrim ya haddace yana tashi a hankali, sannan suna ya fito, The Elder Scrolls VI. Shi ke nan. Babu jarumi, babu takobi, babu ranar fitowa. Amma wallahi har yau idan na kunna shi sai tsigar jikina ta tashi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma waɗannan duwatsun da aka nuna mana ba na ƙasar ƙanƙara ba ne. Duwatsun ƙasar rana ne, irin tamu.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, wannan ba irin gem ɗin ƙwallon da ya cika gidajen wasa na Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa ba ne, inda ake buga minti goma a miƙa wa na gaba hannu. A nan kai ne za ka ƙera mutuminka tun daga launin fata har zuwa sana'a, a buɗe maka ƙofa a sake ka cikin duniya. Ka ga dama ka bi babban labari, ka ga dama ka share shi ka zama maƙeri, ko mafarauci, ko ɗan kasuwa, ko ɓarawon dare. Skyrim, kashi na biyar na jerin, wanda ya fito ranar 11 ga Nuwamban 2011, an sayar da shi sama da kwafi miliyan 60, kuma har gobe ana buga shi. Sirrin ba a dodanni masu aman wuta yake ba. Sirrin shi ne duk abin da idonka ya gani za ka iya zuwa ka taɓa shi. Ka hango tsauni can ƙarshen sama, to akwai hanyar hawa. Ka shiga gidan wani, kwanon da ke kan tebur ana ɗauka, littafin da ke kan kanta ana buɗewa a karanta shi shafi-shafi, kuma idan ka ɗauka ba da izini ba mai gida zai kira maka dogarai. Babu kamfanin da ya kai Bethesda iya gina duniyar da take jin kamar tana nan tun kafin ka zo. Babu!

Kamfanin bai faɗi sunan ƙasar da sabon wasan zai kasance ba, amma masoya sun daɗe da kafa ido a wuri guda: Hammerfell, ƙasar mutanen Redguard. Yanayin duwatsun da aka nuna ya yi kama da ita. A 2019 kuma, lokacin bikin cikar jerin wasannin shekara 25, sun saki bidiyo suna ɗaukar hotunan jajayen duwatsun hamada ta kowace kusurwa don shigar da su cikin wasan. Ni dai zuciyata ta riga ta sauka a can, kuma ga dalili.

Duk wanda ya buga Skyrim zai tuna ranar da ya dawo birnin Whiterun ya tarar da wasu baƙi biyu a bakin ƙofa, dogarai sun hana su shiga. Baƙaƙe ne, kawunansu a naɗe, rigunansu masu faɗi, takubbansu a lanƙwashe. Mayaƙan Alik'r ne daga Hammerfell, sun biyo sawun wata mata mai suna Saadia wadda ke aiki a wani masauki cikin gari, shugabansu Kematu na jiran labari a cikin kogo. A ƙasar da kusan kowa fari ne mai gemu da rigar gashin dabba, ganin waɗannan mutane ya tsaya mini a rai. Na tsayar da mutumina ina zagaya su, ina duba yadda naɗin ya sauko ta bayan wuya, yadda ɗamarar ta riƙe kuben takobi. Ka ce wasu ne daga cikin tawagar hakimi suka ɓata hanya ranar hawan Sallah. Kuma wasan bai taɓa gaya maka wanda ya faɗi gaskiya tsakanin Saadia da Kematu ba, kai ne za ka auna ka yanke. Tun daga lokacin nake son ganin ƙasar da ta haifi waɗannan mutane.

Tarihin da aka rubuta musu kuwa ya isa a gina wasa uku a kai. Asalinsu daga wata nahiya ce mai suna Yokuda da teku ta haɗiye. Waɗanda suka tsira suka tsallako da jirage, mayaƙan gaba da ake kira Ra Gada suka share fage, sannan gidajen sarauta suka biyo baya. Daga nan al'ummar ta rabu gida biyu, kuma rabuwar ba ta warke ba. Akwai Crowns, jikokin masu mulki, masu riƙon al'adar kakanni da haƙora. Akwai Forebears, jikokin mayaƙa, mazauna biranen gaɓa, masu cuɗanya da baƙi da ɗaukar sabon abu. Mutumin Kaduna ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin wannan gardamar. Garin nan namu bariki ne da Lugard ya zaɓa ya zama hedikwata, kowa da garin da kakansa ya baro, kuma a kowane zaure za ka tarar da mai cewa a riƙe na gida da mai cewa a tafi da zamani. Ka yi tunanin wasan da zai sa ka zauna a fadar kowane ɓangare, ka ji hujjarsa daga bakin dattawansa, ka ga inda yake da gaskiya da inda ya zarce, sannan a ce zaɓi.

Ga kuma jarumta. Bayan babban yaƙin da Daular da Hammerfell ke ƙarƙashinta ta yi da Aldmeri Dominion, sarkin Daula ya sa hannu a yarjejeniyar da ta sallama kudancin Hammerfell ga maƙiya. Mutanen Redguard suka ce ba da su ba. Daula ta yi watsi da su, suka ci gaba da yaƙi su kaɗai har shekara biyar, har maƙiyan suka tattara nasu ya nasu suka fice. Ƙasa ce da ta ƙwaci kanta da hannunta! A tsohon tarihinsu kuma akwai gwanayen takobi da ake kira Ansei, waɗanda horonsu ya kai har suna iya fito da takobi daga ruhinsu, Shehai, ba ƙarfe ba maƙera. Babban malaminsu Frandar Hunding ya bar littafi kan hanyar takobi. Skyrim ya ba mu tsawar da ke ture mutum daga kan dutse. Idan wannan ya ba mu Shehai, a ce sai ka yi shekaru a wajen malami kana hawa mataki-mataki kafin hasken farko ya bayyana a tafinka, to an gama da ni.

Amma abin da ya fi hana ni barci ita ce hamadar kanta, Alik'r. Masu ƙera wasanni da yawa sun ɗauka hamada fili ne na rairayi da za a shimfiɗa tsakanin gari da gari. Mu da muke da 'yan uwa a Maraɗi da Damagaram da Agadas mun san ba haka ba ne. Hamada tana da hanyoyi, tana da dokoki, tana da masu ita. Har yau ayarin raƙuma na tashi daga duwatsun Abzin bayan damina, ya keta Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya dawo da kantun gishiri da dabino. Akwai madugu mai riƙe da ayari, akwai jagaba mai karanta taurari da launin ƙasa, akwai zango inda ake sauke kaya, akwai rijiyar da idan aka kuskure ta da tafiyar yini guda an halaka. Wannan nake so Bethesda ta gina. Ina so salkar ruwa ta fi zinariya daraja a jakata. Ina so in shiga ayari a matsayin yaron raƙumi in tashi har in zama madugu. Ina so tafiyar rana ta gagara, a kwanta a inuwar dutse sai la'asar sakaliya a ɗaura kaya. Ina so kawalwainiya ta yaudare ni in bar hanya. Kuma iri ya riga ya faɗi ƙasa, don a The Elder Scrolls Online na 2014 an nuna wani yanki na Alik'r, da gine-ginen tara ruwa da ake kira johad, da ƙabilar Ash'abah da jama'a ke ƙyama saboda su kaɗai suka yarda su ɗaga makami a kan matattun da matsafa suka tayar, alhali al'ada ta hana taɓa gawar kakanni. Mutanen da ke kare gari amma gari ba ya cin abinci da su. Wane marubuci ne zai samu irin wannan ya bar shi a ƙasa?

Sai yanayi. A tsakiyar hunturu ka hau gadar Kawo da sassafe ka dubi wajen Mando: rana ta zama farin faifai da za ka iya kallo ido da ido, dogayen gine-gine sun narke cikin hazo, masu babur sun rufe hanci da baki, leɓe ya tsage, ƙura ta kwanta a kan gira. Ban taɓa ganin wasan da ya kama wannan hasken daidai ba. Skyrim ya iya guguwar ƙanƙara har kana jin sanyi a kujerarka. Idan suka juya wannan gwanintar ga ƙura, a ce hazo ya sauko ya ɓoye taurari har jagaba ya ce a tsaya, 'yan fashi kuma su yi amfani da shi su matso, to za a ga abin da ba a taɓa gani ba.

Birane kuma, Sentinel da Hegathe da Rihad da Taneth, ina roƙon kada a tsaya ga ƙubba da hasumiya irin na tatsuniyoyin Bagadaza kawai. Masu zanen su leƙo Sahel. Su ga hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ta jar ƙasa da itatuwa a soke a jikinta. Su ga abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi da tubali da azara a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bakan gizo na laka da ke ɗauke da rufi ba ƙarfe ko ɗaya. Su ga zankwaye a saman soro, da zaure mai karkatar da ido daga cikin gida, da rijiyoyin marina na Ƙofar Mata a Kano. Tun daga Oblivion na 2006 mutanen cikin wasannin Bethesda suke da gidajensu da lokacin tashi da na cin abinci da na rufe shago. A ɗora wannan a kan kasuwa ta gaske mana! Wanda ya taɓa kutsawa kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ana jajibirin Sallah ya san me nake nufi: layin 'yan yadi daban, layin 'yan takalma daban, mai baro na ihun a ba shi hanya, dillali na rantsuwa, ba a sayen komai sai an yi tayi an yi albarka. Ina so in taya takobi a Sentinel, maƙerin ya ce albarka, in juya zan tafi ya kira ni.

Doki fa? A nan ne Skyrim ya gaza, dokinsa abin hawa ne kawai. Kaduna ce ta karɓi babban hawan daba na FESTAC a 1977, kuma dattawan da suka tsaya a Dandalin Murtala ranar har yanzu suna ba da labarin 'yan lifidi da 'yan sulke da kakaki da algaita. Ƙasar mayaƙa kamar Hammerfell ta cancanci doki mai suna da hali, da sirdi da likkafa da jalala da za ka zaɓa da kanka, da sukuwar da za ta girgiza allo.

Kan girman taswira ba na neman a burge ni da lissafi. Daggerfall na 1996, wanda ya taɓo arewacin Hammerfell, kamfanin ya ce faɗinsa ya kai na Birtaniya, da garuruwa da koguna sama da 15,000, amma kwamfuta ce ta zuba yawancinsu, duk kamarsu ɗaya. Starfield na 2023 ya zo da duniyoyi sama da 1,000, mutane suka yi ta ƙorafin fili ba kowa. Skyrim kuwa bai kai murabba'in kilomita 40 ba, amma da hannu aka dasa kowane kogo da kowace gawa mai wasiƙa a aljihu. Na tabbata Todd Howard na Bethesda da mutanensa sun ji wannan darasin, kuma hannun da ya gina Morrowind da Skyrim yana nan.

'Yan Afirka ma ba su zauna jiran kowa ba. Kiro'o Games na Yawunde sun fitar da Aurion a 2016, Abubakar Salim kuma ya ba mu Tales of Kenzera: Zau a 2024, kuma na so su duka biyun. Sai dai ƙarfin aljihun Bethesda daban ne, musamman tun da Microsoft ta sayi uwar kamfanin kan dala biliyan 7.5. Idan kamfani mai wannan girman ya sa baƙin mutum mai rawani a bangon wasansa, yara miliyoyi daga Brazil har Japan za su kwana suna yawo a ƙasa mai kama da tamu.

Jiran ya yi tsawo, na sani. A 2023 shugaban Xbox na lokacin, Phil Spencer, ya shaida wa kotu cewa da sauran shekara biyar ko fiye. Amma a Maris 2024 Bethesda ta ce ma'aikatanta sun fara buga samfurin farko, kuma tun 2019 suka ɗauki siffar Shirley Curry, tsohuwar nan da ake kira Kakar Skyrim, don ta zama ɗaya daga mutanen cikin wasan. Wanda ya yi wa tsohuwa irin wannan karamcin ya san darajar masoyansa. Abin da ya rage mana a Kaduna shi ne batun na'ura, don gidajen gem ɗinmu kusan duk PlayStation ne, kamfanin kuma yanzu na Microsoft ne. Fitowar sabon Oblivion a kan PlayStation 5 a Afrilun 2025 ta ba ni ƙwarin gwiwa sosai. Duk da haka ni kwamfuta nake tara wa kuɗi, da batirin sola mai riƙe wuta har asuba, don ranar da aka buɗe ƙofar Sentinel ba zan tsaya jiran layi a shagon kowa ba.